Carbin da Aka Samu a Aljihun Kawu

Kawu ya rasu ranar Alhamis bayan sallar azahar, muka kai shi makwancinsa ranar Juma'a a maƙabartar Musulmi da ke New Jersey. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe. Na zauna rubuta wannan ne saboda yaranmu na nan New York, waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, kada wata rana a ambaci Kawu su ce wane ne. Akwai kuma laifin da na yi masa a zuciyata cikin kwanakin makokin nan, ina so in faɗe shi da bakina ko na ji sauƙi.

Ban taɓa zaman makokin da dariya ta yi ta ƙwace wa mutane irin nasa ba. Gidansa ɗaki biyu ne da falo a hawa na huɗu a unguwar Mount Hope da ke Bronx, amma yammacin Juma'ar nan takalma sun cika tun daga bakin ƙofa har matattakala, sai da mai kula da ginin ya leƙo yana tambaya ko biki ake yi. Mutum zai shigo da jajayen idanu, ya durƙusa ya yi wa Hajiya, matar Kawu, gaisuwa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, sai ya ɗauko labarin wani abu da Kawu ya taɓa yi masa, kafin ya kai ƙarshe yana toshe baki da gefen riga. Wani direba ɗan Maraɗi ya ce shi Kawu ya taɓa tsayar da shi a tsakiyar titin Grand Concourse, motoci na ta zuba musu oda, don kawai ya hango zaren carbin da ke rataye a madubinsa ya kusa tsinkewa. Wata tsohuwa 'yar Kumasi, ƙawar Hajiya, ta ɗaga nata carbin sama ta ce, "Wannan sau uku yana gyara mini, kowane karo sai ya yi mini tsiya, wai ina jan carbi kamar mai jan akuya zuwa kasuwa." Nan fa kowa ya shiga laluben aljihu da jaka. Na duba falon nan kaf, da wuya a samu carbin da bai bi ta hannun Kawu ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Su uku ne: Alhaji Babba, wanda ke zaune a unguwar Port Richmond nan New York, sai innata da ke Kano, sai Kawu auta. Mahaifinsu sana'arsa sayar da carbi da gyaransa a kasuwar Kurmi, kuma a gindinsa mazan biyu suka koyi zura ƙwaya a zare tun kafin su iya ɗaura wando. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu na ci, don haka daga Alhaji Babba har Kawu babu mai kiran sunana, sai dai su ce Uwata. Na ci moriyar wannan suna ƙwarai, don da shi nake yi wa tsofaffin nan faɗa in kwana lafiya.

Sama da shekara talatin Kawu yana tuƙin tasi a garin nan, kuma duk motar da ya riƙe, a cikinta akwai wani tsohon gwangwanin biskit cike da zare, allura, ɗan almakashi da ƙwayoyin carbi marasa gida. Maganarsa ɗaya ce a duniya: "Kawo in gani." Carbi ya tsinke, kawo in gani. Takarda ta zo daga hukuma ba ka gane ba, kawo in gani. Aure ya fara tangal-tangal, kawo in gani. Ba kullum yake iya gyarawa ba, wani lokacin ma ƙara jagula abin yake yi, amma ban taɓa jin ya ce babu ruwansa ba.

Ranar Asabar da hantsi Hajiya ta ce in buɗe jakar kayan da asibiti suka ba mu. Alhaji Babba na zaune, don shi ya nemi a buɗe. Abin da yake jira carbin mahaifinsu ne, wani baƙin carbi da ya sha hannu har yana ƙyalli, wanda tsohon ya tsallake babban ɗansa ya ba auta, abin da Alhaji Babba bai taɓa mantawa ba ko da yake bai taɓa faɗa ba. Na zaro hula, na zaro agogo, na sa hannu a aljihun rigar sanyi, sai na fito da wata 'yar jakar ƙyalle ruwan goro mai igiyar ratayawa a wuya. Ina ganinta na san ta wane ce.

Alhaji Babba ya karɓa ya zazzage. Carbi ne na farin itace, manyan ƙwayoyi, babu shaida ko ɗaya a jikinsa. Ya fara ƙirgawa da babban yatsa, leɓensa na motsi. Ya kai casa'in da tara, carbi bai ƙare ba. Ya sake daga farko. Ɗari da takwas. Sai ya yar da shi kamar ya taɓa garwashi, kuma da yake ƙarshen zaren ba a ƙulle yake ba, ƙwayoyin suka watse a falo, wasu ƙarƙashin kujera, wasu har cikin takalman baƙi.

"Na faɗa," in ji shi. "Shekara nawa ina faɗa? Ga shi an same shi da kayan masu bautar gumaka a aljihu."

Na ce, "Haba Alhaji, gyara aka ba shi. Ba ka ga ko ƙulli bai yi ba?"

"To Uwata, na ji gyara ne. Ina nasa? Ina carbin Baba?"

Muka birkice gidan nan. Mota, aljihunan riguna, ƙarƙashin matashi, cikin gwangwani. Babu baƙin carbi. Alhaji Babba ya gyara hularsa ya ce gobe Lahadi addu'ar uku, zai zo ya zauna saboda idon mutane, amma shi ba zai buɗe addu'ar ba, kuma a danginmu babba ne ke buɗewa. Ya ce ba zai ɗaga hannu a kan abin da bai sani ba. Kafin la'asar maganar ta sauka matattakala, ta kai shagon da ake sayar da garin tuwo, na tabbata ta ƙetara ruwa ta waya. Na bi ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya na tsince su, na ƙirga sun cika, na zuba a gwangwanin Kawu na rufe.

Mai wannan carbi mun san shi duka. Mai Tukku muke ce masa, saboda kansa aske yake ƙwal sai ɗan tukku a ƙeya. Baƙar fata ne haifaffen Brooklyn, ya ɗan girmi Kawu, kuma amininsa ne tun shekarun farko na zuwansa ƙasar nan.

Yadda suka haɗu, na ji shi ya fi sau hamsin. Kawu ya tashi a Kano lokacin da saurayi bai cika saurayi ba sai ya haddace fim ɗin Indiya. Wata Lahadi ya sauke fasinja kusa da wani lambun shaƙatawa a ƙasan Manhattan, sai ya ji ganga da 'yan ƙararrawa, ya hango mutane cikin tufafi ruwan goro suna rawa suna waƙa. Ya ce a ransa yau Allah ya kawo shi inda ake ɗaukar fim. Ya ajiye mota, ya gyara hula, ya kutsa tsakiyarsu yana juyi yana neman inda kyamara take, ya tari mai gangar ya zuba masa duk Indiyancin da ya kwaso a silima. Mai ganga, wato Mai Tukku, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce masa da Turancin Brooklyn, "Ɗan'uwa, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma rawarka ta yi kyau." Da Kawu ya gane ibada ce ya faɗa ciki, ya ce sai da ya yi istigfari tun daga nan har Bronx. Amma Lahadi ta gaba ya koma, wai don ya ji ko su wane ne.

Daga bakin Kawu muka san asalinsu, kuma shi in zai ba da labarin, da kalmominmu yake bayarwa. Yakan ce ɗariƙa ce a cikin addinin Hindu. Shehinsu wani tsoho ne da ya kusa saba'in, ya taso daga Indiya a jirgin ruwa na kaya, ba shi da kowa a nan sai akwatin littattafai, saboda malaminsa ya taɓa umartarsa ya kai karatun ga masu jin Turanci. Ya zo ya zauna gindin wata bishiya a wannan lambun yana ta zikirinsa, samarin gari da suka gaji da shaye-shaye suka fara tsayawa kallo, daga kallo suka zauna. Shi yake dafa musu abinci da hannunsa. Mai Tukku na cikinsu, lokacin bai kai ashirin ba. Tushen abin kuwa ya fi haka nisa, don wajen shekara ɗari biyar da suka wuce wani bawan ibada a ƙasar Bangal ya fito da ambaton sunan Ubangiji daga ɗaki zuwa kan titi, da ganga da rawa, ya ce babu ɗan gata babu bare, kowa ya zo ya kira. "Kamar masu bandiri dai," in ji Kawu, "sai dai su ba su san gajiya ba."

Abin da ya fi burge Kawu shi ne haninsu guda huɗu: ba nama, ba abin maye, ba caca, ba zina. Yakan ce saura kaɗan su iso. Abin da ya fi ba Hajiya haushi kuwa shi ne ko albasa da tafarnuwa ba sa ci. "Ei, miya ba albasa?" in ji ta. "Wannan ai horo ne." Goro ma Mai Tukku ya ƙi, wai yana cikin abin da ke motsa kai, kuma Kawu bai taɓa yafe masa wannan ƙazafi da ya yi wa goro ba. Dabino kawai suka daidaita a kai, shi Kawu ke kaiwa duk Lahadi.

A benci ɗaya suke zama, kusa da bishiyar nan, kuma abin da suke yi musu ne. Mai Tukku ya ce Ubangiji ɗaya ne, sunansa Kirishna, yana da siffa mafi kyau, makiyayin shanu ne mai busa sarewa, kuma abin da yake so ga bawa shi ne ƙauna da hidima. Kawu ya ce ɗayan nan sun yi daidai, amma Allah ba shi da kama, ba a sassaƙa shi, ba a yi masa wanka a sa masa riga. Mai Tukku ya ce rai ba jiki ba ne, jiki riga ce, in ta tsufa rai ya tuɓe ya sa wata, haka zai yi ta dawowa har sai ƙaunar Ubangiji ta fitar da shi. Kawu ya ce shi kam a bar shi da zuwa ɗaya, in aka ce ya sake dawowa ya tuƙa tasi a New York, gara a yi masa hisabi yanzu. In za su rabu Kawu ya ce masa da Hausa, "Allah ya shirye ka," shi kuma ya amsa da 'yar Hausar da ya koya, "Amin, kai ma."

Sau ɗaya suka yi faɗa na gaske, lokacin ina sabuwar zuwa, ina zaune a gidan Kawu. A kan wannan carbin ne. Su in mutum ya shiga hannun shehi, shehin ne ke fara jan carbin sannan ya miƙa masa, shi kuma ya yi alkawarin zagaye shi sau goma sha shida kullum har ya mutu, kowace ƙwaya da ambatonta. A jaka suke ajiye shi, hannu ke shiga ya ja daga ciki, ba a barinsa ya taɓa ƙasa. Na Mai Tukku tsohon nan na gindin bishiya ne ya ja shi ya ba shi. Wata Lahadi zaren ya tsinke a cikin jakar. Kawu ya ce, "Kawo in gani."

Ya zo gida ya baje a faranti ya ƙirga, ya samu ɗari da takwas. Ina jinsa yana cewa, "Kai, Indiyawa da rashin lissafi." Can kuma ya ce a'a, ƙila rara suka sa don ko wata ta ɓace. Ɗan mai carbi ne, jikan mai carbi, a duniyarsa carbi casa'in da tara ne, kamar yadda hannu yake da yatsa biyar. Ya zura casa'in da tara, ya yi ƙulli tsakanin kowace ƙwaya yadda ya gani a tsohon zaren, ya adana taran nan a gwangwani. Aikin ya yi kyau, ba a magana.

Mako biyu Mai Tukku yana gama wuridinsa da wuri yana murna, a zatonsa harshensa ne ya yi sauƙi, ibada ta fara karɓuwa. Har ya ba Kawu labari. Kawu ya washe baki ya ce, "Ai aikina ne. Na cire maka rarar nan guda tara."

Mai Tukku ya zaro carbin ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sai ga dattijo yana hawaye a kan benci. Tun yana saurayi bai taɓa tauye alkawarin nan ba, ko ranar da aka yi masa aiki a asibiti. Kawu maimakon ya ba da haƙuri sai ya hau bayani, wai sunayen Allah casa'in da tara ne, shi ya daidaita masa abu, har ya rage masa wahala. Mai Tukku ya tashi ya tafi. Lahadi uku Kawu na zuwa da dabino yana dawowa da shi, yana cika yana batsewa, yana cewa mutum ka yi masa alheri ya saka maka da fushi.

Hajiya ce ta warware. Tana kwasar tuwo, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, da wani zai ji tausayinka ya rage maka raka'a ɗaya a la'asar, ka yi sati biyu kana yin uku ba ka sani ba, godiya za ka yi masa?" Kawu ya ajiye lomar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Na cuci bawan Allah."

Washegari ya ɗauki gwangwani ya nufi ɗakin ibadarsu a Brooklyn. Bai shiga ba, don ya ce ba zai tsaya inda aka jera siffofi ba, amma ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya aika a kira masa mutumin. A kan dakalin nan ya kwance aikinsa ya mayar da taran. Suka yi lissafin abin da ya tsere, ya haura ambato dubu biyu, Mai Tukku ya zauna ramuwa, Kawu na gefensa yana nasa istigfarin a baƙin carbin Baba, kowa na kiran nasa, har suka gama. Daga ranar ba mai taɓa wannan carbin in ya tsinke sai Kawu.

Duk wannan na sani, kuma na faɗa wa Alhaji Babba. Amma ga laifina. Ranar Asabar ɗin nan, bayan na rufe gwangwani, ni ma zuciyata ta fara raɗa mini. Na tuna Kawu yana wanke mota yana ɗan rera waƙarsu a hanci. Na tuna ranar da ya ce Mai Tukku ya fi wasunmu riƙon alkawari da Ubangijinsa. Na tuna cewa carbin Baba ko banɗaki zai shiga sai ya rataye shi inda idonsa zai fara sauka in ya fito, to ina ya tafi? Na san benci, na san ɗakin ibadar, jirgin ƙasa ɗaya zai kai ni. Ban je ba. Tsoro nake ji kada in tambaya a ba ni amsar da ba zan iya ɗauka ba. Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi, ya koya mini garin nan, ya tashe ni sallar asuba shekara huɗu da buga ƙofa, na kasa tsaya masa kwana ɗaya tak. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Lahadi bayan azahar falo ya cika. An kawo shinkafa da waina, liman ya zauna, kowa na satar kallon Alhaji Babba, shi kuwa ya haɗe rai ya zuba wa kafet ido. Hajiya na gefe cikin mayafi. Ana cikin wannan aka ƙwanƙwasa ƙofa, na tashi na buɗe.

Mai Tukku ne, da sandarsa, da farin zane ɗaure a ƙugu ƙarƙashin rigar sanyi, da zanen farar ƙasa a goshi. Tun safe yake kan benci yana jira, da ya ga shiru ya biyo sawu, hawa huɗu da ƙafafun nan nasa. Ya dubi takalman da suka cika matattakala, ya dube ni, ya gane. Ya dafa bango ya ce, "Yaushe?" Na ce Alhamis. Ya tuɓe takalminsa ya jera a cikin namu, ya shigo ya durƙusa gaban Hajiya da ƙyar, ya ce da Hausarsa, "Sannu. Sannu, Hajiya." Sauran maganar da Turanci aka yi ta, ni nake mayar da ita Hausa a nan.

Alhaji Babba bai bari ya zauna daidai ba. Ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, ka gaya mini tsakaninka da abin da kake bauta wa. Ƙanena ya shiga addininku?"

Na runtse ido. Sai na ji wani sauti, na buɗe, ashe dariya ce ta kama Mai Tukku, hawaye na zuba yana dariya.

"Shi?" in ji shi. "Wannan mutumin? Shekara talatin ina roƙonsa ya faɗi sunan sau ɗaya, sau ɗaya kawai, ko da wasa. Ya ce harshensa yana da mai shi. Na kawo masa abincin da muka miƙa a wurin ibada, ya ce in ba tantabaru. Ana tsakiyar magana zai duba agogo ya shimfiɗa kwali a kan ciyawa ya yi sallarsa, ni ne mai tsare masa takalmi. Ko Lahadin da ta wuce sai da ya ce mini, kai tsoho, lokaci na tafiya, ka yi kalmar shahada mu huta. Ban taɓa ganin mai taurin kai irin ɗan'uwanka ba, kuma ban taɓa samun aboki irinsa ba."

Wani daga bayan falo ya ce Allahu akbar. Alhaji Babba bai motsa ba. Ya ce, "To ina carbin mahaifinmu?"

Mai Tukku ya sa hannu cikin rigarsa, daidai ƙirji, ya fito da wani farin ƙyalle a naɗe, ya warware shi da hannu biyu. Ga baƙin carbi yana ƙyalli. Ya ce tun ranar da aka yi masa aikin casa'in da tara ya rantse carbinsa ba zai sake kwana a hannun wani ba. Sai Kawu ya kawo shawara: duk ranar da zai tafi da shi gyara, zai bar nasa jingina, abin da ya fi ƙauna a madadin abin da aboki ya fi ƙauna. "Amma ya kafa mini sharaɗi, kada in kuskura in ja sunayena a kai. Ban ja ba. Da yatsu na yi ta ƙirga nawa duk makon nan. Kuma bai taɓa ƙasa ba."

Ya miƙa wa Alhaji Babba. Tsohon ya karɓa, ya kai shi hanci ya shaƙa. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, sai a lokacin na ji kukanta tun rasuwar.

"Nawa fa?" in ji Mai Tukku a hankali. "Ya gama?"

Ban san yadda na tashi na ɗauko gwangwanin ba. Na buɗe a gabansa, ga ƙwayoyi a warwatse cikin zare da allura. Na fara cewa sun zube ne, sun taɓa ƙasa, a yi haƙuri, sai Alhaji Babba ya katse ni.

"Ba zubewa suka yi ba, Uwata. Ni na yar." Ya rataya carbin Baba a wuya, ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau, ya miƙo hannu. "Kawo in gani."

Muryar iri ɗaya ce sak da ta Kawu. Liman ya yi gyaran murya ya ce ko a fara addu'a tukuna. Alhaji Babba ya ce addu'a ta ɗan jira, akwai amanar da ƙanensa bai sauke ba, ba zai bari ya kwana da ita ba. Aka shimfiɗa masa farin ƙyallen nan a cinya, ya lashi bakin zare, ya zura a allura tashi ɗaya. Na yi shekaru ban san hannun nan ya iya komai ba sai nuna mutane da yatsa. Ƙwaya, ƙulli, ƙwaya, ƙulli, ko kallo ba ya yi. Aka zuba abinci, hira ta dawo, direban Maraɗi ya matsa kusa da Mai Tukku yana tambayarsa da gaske ne ko shayi ba ya sha, jikokin Kawu suka kewaye tsohon suna yi masa tambayoyi da Turanci a kan tukkunsa. Amma kowa da rabin ido yake kallon cinyar Alhaji Babba, kuma na lura leɓuna da yawa na ƙirgawa tare da shi.

Can sai ya ja dogon numfashi, ya haɗa bakin zaren biyu, ya ɗauko limamin carbin zai rufe. A kan ƙyallen ga 'yan ƙwayoyi sun rage, ya ture su gefe da bayan hannu, ko a jikinsa.

Falon nan gaba ɗaya, da liman, da Hajiya daga cikin mayafi, da 'yar Kumasi, da ni, muka ɗaga murya kamar an haɗa baki:

"Saura tara!"

Alhaji Babba ya dubi carbin, ya dubi taran, ya dubi Mai Tukku da ya riga ya kife yana riƙe da ciki. Sai dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi, daga dariyar kuma ya wuce kuka, irin kukan da ya riƙe tun ranar Alhamis, yana cewa, "Auta, ka yafe mini. Hannunmu ɗaya ne, Auta." Ba wanda ya hana shi. Da ya natsu ya share tabarau, ya zura taran nan ɗaya bayan ɗaya, muna ƙirga masa da ƙarfi, ya ƙulle, ya sa a jakar, ya miƙa wa mai shi da hannu biyu.

Sannan ya ciro carbin Baba daga wuya, ya ɗaga tafukansa ya buɗe addu'a. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya karɓe shi da irin fuskar da yake karɓar duk wanda ya zo masa da abin da ya tsinke. Ni ma a cikin tafukana na roƙe shi gafarar Asabar ɗin nan. Muka shafa, kuma duk falon babu wanda amin ɗinsa ta kai ta Mai Tukku ƙarfi.